Zaɓen Irin Tumatir Domin Shukar Gida a Mubi

Duk mai yin cefane a Mubi ya san halin tumatir. Daga Janairu zuwa Maris, lokacin da masu noman rani na bakin kogin Yedzaram da sauran fadamu ke ɗiba, za ka tarar da kwanduna jibge a kasuwa, har wani ya ruɓe ba a sami mai saye ba. Da ruwan sama ya sauka a watan Mayu kuwa, sai kashin da ake sayarwa ya ƙanƙance, kuɗinsa ya hau, uwargida ta koma ga kauɗa da na gwangwani. Saboda haka idan za ka shuka tumatir a gida, ko a ɗan fili ko a cikin buhuna, ra'ayina shi ne ka shuka shi domin watannin tsada. A nan ne kuma da yawa daga cikinmu ke yin kuskure, tun daga wajen zaɓen iri.

Abin da aka saba shi ne mutum ya je shagon masu sayar da iri ya ce a ba shi wanda manoman rani ke shukawa, sai a miƙo masa UC82B ko Roma VF. Babu mai musun kyawunsu. Suna da nama, fatarsu na da kauri, suna jure doguwar tafiya a mota, kuma suna yin kauɗa mai kyau. Amma ya kamata ka san asalinsu. UC82B daga Jami'ar Kalifoniya ta Amurka ya fito, inda aka samar da shi domin masana'antun tumatirin gwangwani, a ƙasar da ba a cika yin ruwan sama ba lokacin noman tumatir. An so ya zama gajere, 'ya'yansa su nuna kusan tare, a girbe su a lokaci guda. Wannan hali riba ne ga mai cika mota zuwa Yola ko Maiduguri. Ga mai neman tumatir biyar ko shida kowace safiya kuwa, ma'anarsa ita ce mako biyu ko uku na yalwa, daga nan shukar ta gama aikinta.

Haruffan da ke jikin sunan ma suna da abin da suke faɗa. V da F na Roma VF suna nufin yana jure wasu cututtukan yaushi guda biyu da ke zaune a ƙasa. Idan ka ga N a jikin fakiti, yana nufin juriya ga ƙananan tsutsotsin da ke sa saiwa ta yi ƙulu-ƙulu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan haruffa da ya shafi cutar yaushi ta bakteriya, wadda zafi da danshin damina ke rura wa wuta. Ita ce ke sa ka ga shuka lafiya lau da safe, da yamma ta langaɓe alhali ganyenta na nan kore. In kana shakka, ka yanki ɗan guntun kara daga gindin shukar, ka rataya shi cikin kofin gilashi mai ruwa mai tsabta. Idan bayan 'yan mintoci ka ga wani farin abu kamar zaren madara yana saukowa, to ita ce. Feshi ba ya maganinta. Sai dai a tumɓuke shukar a fitar da ita daga gida, a kuma huta da shuka tumatir, barkono, attarugu da gauta a wannan ƙasar na wasu shekaru.

Domin damina, zaɓi biyu ne a gabanka. Na farko shi ne iri mai aure, wato wanda ake rubuta F1 a jikin fakitinsa, kamar Padma F1 da Cobra 26 F1, waɗanda kamfanonin da suka fitar da su suka ce suna jure wannan cuta. Kuɗinsu ya fi na sauran nesa ba kusa ba, amma mai shukar gida ba ya bukatar da yawa. Giram ɗaya na irin tumatir ya kai ƙwaya 300 ko kusa da haka, gindi 20 kuma ya ishi matsakaicin gida. Maƙwabta huɗu ko biyar na iya haɗa kuɗi su raba ƙaramin fakiti ɗaya.

Na biyu shi ne irin gargajiya, mai tsaga-tsaga ko ƙananan 'ya'ya, mai ruwa da tsami, wanda ke hannun tsofaffi a ƙauyukan gindin duwatsun Mandara. Malamin gona, a nan nake da magana da kai. Mun daɗe muna kallon wannan iri a matsayin abin da za a kawar. Gaskiya ne ba ya jure tafiya, kuma ɗan kasuwa ba ya sonsa. To amma tafiyar tumatirin gida daga gindinsa ce zuwa madafa. Irin da ya yi shekara da shekaru yana tsallake ruwan Agusta a wannan ƙasa ya ci jarrabawar da sabon fakiti bai zauna ba tukuna, kuma yakan ci gaba da fure da 'ya'ya na tsawon lokaci idan aka kafa masa sanda. Idan ka je gidan da ke da shi, kada ka ce a zubar. Ka ce a shuka layi ɗaya nasa, layi ɗaya na mai aure, a rana ɗaya, da taki iri ɗaya, mai gidan ya ƙirga abin da ya tsinka daga kowanne. Abin da ya gani da idonsa ya fi duk bayanin da za ka yi masa.

Akwai wata ɗabi'a da ya kamata a bari, wato matse tumatir mai kyau da aka sayo a kasuwa a shanya 'ya'yansa domin shuka. Idan mai aure ne, abin da zai fito ba zai yi kama da uwarsa ba: wani dogo, wani gajere, wani kuma ya rasa juriyar da aka saya da tsada. Irin gargajiya da Roma VF da UC82B kam ana iya ajiye irinsu. Ka zaɓi nunannun 'ya'ya daga lafiyayyar shuka, ka matse su cikin kwano, ka bar su kwana 2 zuwa 3 har yauƙin ya saki, ka wanke, ka shanya a inuwa.

Game da lokaci, ka yafa irin damina a farkon Mayu ƙarƙashin 'yar rumfa, ka yi dashe da yamma bayan mako 4, da tazarar santimita 50 zuwa 60 tsakanin gindi da gindi, a kan kunya mai tudu domin kada ruwa ya kwanta. Bayan mako 3 ka sake yafa wani kaɗan, domin kada ɗiban ya yanke. Na rani kuma a yafa shi a Oktoba, ya yi fure cikin sanyin hunturu. A nan ne UC82B da Roma VF ke nuna kansu. Wanda ya yi jinkiri har furen ya faɗa cikin zafin Maris da Afrilu zai ga yana kakkaɓewa, domin idan zafin rana ya haura digiri 35 ba kasafai fure ke ƙulla ɗa ba. Sau da yawa a kan ɗora wa iri laifi, alhali lokacin ne bai dace ba.

Kada kuma mai shago ya ce maka yana da irin da tsutsar Tuta absoluta ba ta ci. Wannan tsutsa, wadda asalinta daga Kudancin Amurka ne, ita ce ta cinye gonakin tumatir a Kano, Kaduna, Katsina da Jigawa a shekarar 2016, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Ba ta zaɓen iri. Fifikon da mai gindi 20 yake da shi a kan mai hekta shi ne yana iya duba kowane ganye da idonsa. Kowace safiya ka juya ganyen, wanda ka ga an yi masa farin tabo kamar an rarake cikinsa ka tsinke shi ka ƙone. Idan har ta kai ga feshi, ka nemi malamin gona na yankinka ya nuna maka maganin da ya dace da kwanakin da za a jira kafin a tsinka, domin a tsakar gida yara na kai hannu ga jan tumatir ba tare da tambaya ba.