Auren Jinsi: A Daina Cinikin Ƙuri'a Da Mutuncin Mutane



Duk lokacin da siyasa ta fara zafi sai an tono maganar auren jinsi an jefa mana. Yau a ce gwamnati ta sa hannu, gobe a ce ɗan takarar wancan ɓangare shi ne ke ɗaure musu gindi. Ina so yau mu zauna mu rarrabe wannan magana, mu san ina aikin malam ya tsaya, ina na hukuma ya fara, kuma wa ke cin riba idan aka cakuɗa su.

Matsayin addini ba ɓoyayye ba ne. Musulunci bai san aure ba sai tsakanin namiji da mace, manyan majami'un Kiristocin ƙasar nan ma a kan haka suke. Dokar ƙasa kuma ta riga ta yi magana. Majalisar Dattawa ta amince da ƙudurin haramta auren jinsi a Nuwambar 2011, lokacin David Mark, ta Wakilai ta bi baya a 2013, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Janairun 2014. Wanda ya ƙulla irin wannan aure ɗaurin shekara 14 ne, wanda ya shaida ko ya taimaka shekara 10. Mu nan Kano ga dokar Shari'a tun 2000, ga Hukumar Hisba da aka kafa da doka a 2003. To wace ƙofa ce ta rage a buɗe da har kullum ake tada mana hankali?

Ku tuna abin da ya faru a Yulin 2024. Jaridar Daily Trust ta buga cewa Najeriya ta sa hannu kan Yarjejeniyar Samoa, wai a cikinta akwai sharaɗin amincewa da masu neman jinsi, a madadin dala biliyan 150. Kafin Juma'a ta zagayo maganar ta hau mumbari, ta cika WhatsApp, babu majalisar da ba a tattauna ta ba daga Janguza har Doka. Yarjejeniyar nan tsakanin Tarayyar Turai ce da ƙasashe 79 na Afirka da Karebiyan da Fasifik. Ministoci biyu, Atiku Bagudu da Mohammed Idris, suka fito suka musanta. Ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa ta duba takardar ta ce babu wannan sharaɗi. Hukumar sauraron ƙorafi kan kafafen yaɗa labarai ta yanke cewa rahoton ba daidai ba ne, jaridar kuma daga baya ta ba da haƙuri. Amma mutum nawa ne a ƙauyukanmu suka ji ban haƙurin? Har yau akwai dattijon da zai rantse maka an sayar da addini a kan dala.

Kada wani ya ɗauka wanke gwamnati nake yi. Laifinta a nan babba ne: ta je Brussels ta sa hannu a ƙarshen Yuni ba tare da ta yi wa 'yan ƙasa bayani ba, sai da wuta ta kama sannan aka fara neman guga. Takardar tana ɗauke da kalmomi kan daidaiton jinsi da lafiyar haihuwa, kuma haƙƙin kowane uba ne ya tambayi me ake nufi da su. Da an fassara ta da Hausa an karanta a rediyo, an kira malamai da lauyoyi an baje ta a faifai, da ba a kai ga haka ba. Sannan ga abin da ya kamata kowa ya haddace: sashe na 12 na tsarin mulkin 1999 ya ce babu yarjejeniyar ƙasa da ƙasa da za ta zama doka a Najeriya sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. Wato ko da akwai abin da ake tsoro, sai ya bi ta hannun sanatoci da wakilan da mu muka zaɓa. Can ya kamata idonmu ya kasance.

Matsin lamba daga waje kuwa gaskiya ne. A 2011 Firaministan Birtaniya David Cameron ya yi barazanar rage tallafi ga ƙasashen da ke hukunta masu neman jinsi. A 2023 Bankin Duniya ya dakatar da sabbin basuka ga Uganda saboda dokar da ta kafa. Amma mai hannu a bakinka shi ke gindaya maka sharaɗi. Shugaban da yake son kada a tsoma masa baki a al'adar mutanensa, sai ya rage yawon cin bashi, ya sa manomin Lambu da na Yanoko su sami taki a kan lokaci da kuɗin da za su iya biya. Ihu a filin kamfe ba ya biyan bashin ko kwabo.

Yanzu ga inda abin ya fi damuna. Kalmar "ɗan luwaɗi" ta zama makami mafi arha a siyasarmu. Yaro yana da waya da data ta ɗari biyu, sai ya ɗauko hoton wani ya liƙa masa wannan suna, don kawai ba gidansu ɗaya ba. A gari irin Tofa, inda kowa ya san kakan kowa, wannan kalma ba mutum ɗaya take kashewa ba. Ƙannensa mata za su rasa manema, mahaifinsa zai daina zama a sahun gaba, mahaifiyarsa za ta daina shiga biki. Wani lokaci ma rai ake rasawa, domin mun san yadda taron jama'a yake idan ya fusata: babu mai tambayar hujja. A Bauci a 2014 har kotu mutane suka je suna jifa, suna neman a ba su waɗanda ake tuhuma tun alƙali bai gama sauraro ba.

Wallahi wannan ba addini ba ne. Addinin da muke cewa muna karewa shi ne ya tanadi bulala 80 ga wanda ya jefi wani da alfasha bai kawo shaidu huɗu ba, yana nan a Suratun Nur, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya jifa da luwaɗi ma ƙazafi ne. Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane, ta kuma umarci a tantance labari kafin a yi aiki da shi. Malamanmu na fiƙihu sun yi ittifaƙi cewa zartar da haddi aikin shugaba ne da alƙalinsa, ba na matasan unguwa ba. Wanda ya ɗauki gora ya ce zai tsarkake gari ya saɓa wa Shari'ar da yake iƙirarin kishi, kuma shi ma mai laifi ne a gaban doka.

Don haka ni a ganina kowa ya tsaya a gonarsa. Malam ya karantar, ya yi nasiha, ya kula da tarbiyya, kuma kada ya hau mumbari da labarin da bai tantance ba, domin kalmarsa ta fi ta ɗan jarida nauyi a kunnen talaka. Hukuma ta tsare doka, ta tsare ran kowa, har da na wanda ake zargi. Idan Hisba ko 'yan sanda sun kama mutum, a kai shi gaban alƙali, a ba shi damar kare kansa kamar yadda sashe na 36 ya tanada, a daina jera mutane gaban kyamara tun ba a tabbatar da komai ba. Wanda kotu ta sallama, wa zai goge bidiyonsa daga wayoyin mutane?

Mu kuma 'yan siyasa, da namu da na can, mu ji tsoron Allah. Ina kira ga matasan wannan tafiya tamu musamman: duk wanda ya turo muku hoton abokin hamayya da irin wannan zargi ya ce ku yaɗa, ku tambaye shi shaidunsa huɗu. In ba shi da su, ku goge. In kuna son kayar da mutum, ku kawo aikin da ya karɓi kuɗinsa bai yi ba, ku nuna ajin da babu rufi da asibitin da babu magani. Wannan hujja ce da za ku iya tsayawa a kanta a duniya, ku kuma tsaya a kanta gobe ƙiyama.

Allah Ya tsare mana imaninmu da zuri'armu, Ya tsare harsunanmu daga cin mutuncin bayinSa. Amin.