Neman gurbin digiri na biyu: sitaj ya zama ma'auni, amma sai da takardar shaida

Tun da jami'o'in ƙasashen da ke amfani da Faransanci suka rungumi tsarin LMD, wato lisans shekara 3, mastar shekara 2, sannan dokta, masu kammala lisans sun ƙaru sosai, guraben mastar kuwa ba su ƙaru daidai da su ba. Shi ya sa kwamitocin tantancewa ba sa tsayawa kan maki kaɗai. Suna duba ko ɗalibi ya yi sitaj, wato horon sanin makamar aiki a wata ma'aikata.

A wajen masu ba da tallafin karatu a ƙetare, sharaɗin a rubuce yake. Chevening ta Birtaniya na neman sa'o'i 2,800 na aiki, kimanin shekara 2, kuma tana lissafa sitaj ko da ba a biya mutum ko sisi ba. Shirin EPOS na hukumar DAAD ta Jamus shi ma yana neman shekara 2 na aiki bayan digirin farko. Mai neman shiga jami'ar Faransa ta hanyar Campus France kuwa sai ya gabatar da tarihin karatunsa da na aikinsa, ya kuma kare shirinsa a gaban mai yi masa tambayoyi.

Amfanin sitaj a nan a bayyane yake. Ɗalibar aikin gona da ta yi wata 3 tare da manoman auduga a yankin Garwa tana da matsalar da ta gani da idonta, wadda za ta gina bincikenta a kai. Tana kuma da shugaban aiki da zai rubuta mata wasiƙar shaida.

Sai dai damar ba ɗaya ba ce ga kowa. Manyan kamfanoni sun taru a Duwala, Yawunde, Kwatano da Akara. Ɗan Marwa ko Abeshe da ya samu sitaj maras albashi a babban birni sai ya ɗauki nauyin haya da abinci, kuma sau da yawa gurbin kansa sai da hanya.

Akwai wata asarar da ta fi shafar 'ya'yan Hausawa mazauna zango. Da yawansu sun yi shekaru suna riƙe littafin lissafin shagon mahaifinsu, ko suna shige da ficen kaya a kan iyaka. Wannan ƙwarewa ce ta gaske, amma kwamiti ba ya ganin abin da babu hatimi a kansa.

Don haka ɗalibi ya fara neman sitaj tun shekara ta 2 ta lisans, a fannin da zai nema a mastar, ko da a asibitin gari ne, ofishin magajin gari ko ƙungiyar agaji. Ya karɓi yarjejeniyar sitaj daga jami'a, da takardar shaida mai ɗauke da ranakun farawa da gamawa da irin aikin da ya yi. 'Yan kasuwar zango masu rajista su ma za su iya ba ɗaliban unguwarsu irin wannan takarda.