KULLUTUN WUYA DA GADO: A DAINA KAI WA WANZAMI



Allah Ya sanya wa jikinmu wasu alamomi da likitoci ke kira HLA. Da su garkuwar jiki ke gane na gida da baƙo. Gadonsu ake yi, rabi daga uwa, rabi daga uba. Suna da hannu a cutar Hashimoto, inda garkuwa ke afka wa tayirod, wato ƙululun gaban wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo. Masana kuma suna bin sawun alaƙarsu da dajin tayirod.

To ni dai shawarata, a daina ɓoye ciwon dangi. In an taɓa yin wannan daji a gidanku, ku gaya wa likita. Mata, ku kula sosai, kun fi maza kamuwa kusan sau 3.

Kullutu mai tauri, dishewar murya, wahalar haɗiya: a je asibiti a yi hoton wuya. Yawanci ba daji ba ne, kuma ko shi ne, yana jin magani in an yi sammako. Zuma da habbatus sauda ba sa narkar da shi, balle sakiya.

A tura wa 'yan uwa. Allah Ya ƙara mana lafiya.