Ɗakin hutun ɗalibai a Jami'ar Garuwa: a fara da inuwa da ruwa, fenti ya biyo baya

Ranar 5 ga Janairun 2022 shugaban ƙasa Paul Biya ya sa hannu a kan dokar da ta kafa sababbin jami'o'i uku, a Bertuwa da Ebolowa da nan Garuwa. Wanda yake gari a lokacin ba zai manta ba, don labarin ya zo ne saura kwana huɗu a buɗe gasar cin kofin Afirka, hankalin kowa yana filin wasa na Rumde Ajiya. Ƙwallo ta zo ta wuce. Jami'a kuwa tana nan, kuma a gidaje da yawa na unguwanninmu ta sauya lissafi. Uban da a da yake cewa ba zai tura 'yarsa Dang ba, can kusa da Ngaundare, tafiyar da ta haura kilomita 250, ko kuma Marwa, yau wannan hujja ta kuɓuce masa. Yarinya za ta karya kumallo a gida, ta hau babur, ta dawo kafin magariba.

Wannan ne ya sa muka ɗauko wata magana da wasu za su ga ba ta kai a ɓata mata shafi ba, wato ɗakin da ɗalibai ke zama tsakanin darasi da darasi, wanda a bakinsu suke kira fuwaye. Jami'ar da ke tasowa, wadda ta fara da gine-ginen da ta tarar kuma take ƙara sababbi, dole wata rana hukuma ko ƙungiyar ɗalibai ta ware ɗaki irin wannan, ta gyara shi, ta ƙawata shi. Hausawa na cewa tun ran gini tun ran zane. Gara a yi maganar yanzu da a jira sai an kashe kuɗin a zo ana da na sani.

A duba yadda ranar ɗalibi take tafiya. Darasin safe ya ƙare ƙarfe goma, na gaba sai ƙarfe biyu ko uku, wani lokaci ma malami ya aiko cewa a jira shi. Awa huɗu ke nan a sarari. A watan Maris da Afrilu, sa'ad da zafin Garuwa ke haura digiri 40, awa huɗu ba wasa ba ne. Namiji yana da mafita: ya zauna wurin mai shayi, ya miƙe a gindin bishiya, ya bi aboki ɗakin haya. Ita fa 'yar gidan mutunci da ta fito da hijabinta daga Yelwa ko Jambutu? Wurin mai shayi ba nata ba ne, ɗakin wani kuwa ko a mafarki. Abin da ya rage mata biyu ne. Ko ta koma gida ta sake dawowa, kuɗin babur ya zama sau huɗu a rana maimakon biyu, ko kuma ta koma gida ta yi zamanta, darasin yamma ya wuce ta. Idan aka yi haka wata uku, sakamakon jarrabawa zai nuna. Daga nan sai a ji uba na cewa, “Ai dama na faɗa, karatun nan ba na mata ba ne.” Alhali ba ƙwaƙwalwa ta rasa ba, wurin zama ta rasa.

Kuma iyaye suna da bakin magana a nan. Tun gyaran tsarin jami'o'i na 1993, wanda ya raba tsohuwar Jami'ar Yawunde ya samar da jami'o'in gwamnati shida, aka soke alawus ɗin da ake ba ɗalibai, aka sa kowa ya biya sefa 50,000 a shekara. Ɗan kasuwar da ya ƙirga wannan kuɗi daga ribar shago, ko manomin auduga da ya jira kuɗin kaka kafin ya biya, yana da haƙƙin ya tambaya inda ɗansa yake zama idan rana ta take.

To, yaya aka saba yin gyaran irin wannan ɗaki? Kowa ya sani. A sayo fenti mai ƙyalli, a rataya labule, a kawo kujerun kushin irin na falon manya, a kafa babban talabijin a bango, a gayyaci baƙi su yanke ƙyalle, a ɗauki hotuna a watsa a Facebook. Ni kaina na taɓa sa hannu a irin wannan aiki lokacin da nake makarantar horon malamai, kuma har yau ina jin kunyarsa. Mun yi karo-karo, mun ƙara da abin da muka roƙo, muka zaɓi shuɗin fenti bayan gardamar kwana biyu a kan launi. Ba wanda ya ɗaga kai ya kalli rufin, kwano ne tsirara ba sili. Hunturu ya zo ya cika kushin da ƙura har ba mai son zama da farar riga. Bazara ta zo, ɗakin ya koma tanda, kowa ya gudu gindin darbejiya inda muke zama tun asali. Talabijin kuwa samari goma suka mallake shi da kallon ƙwallo, 'yan matan ajinmu ba su sake leƙowa ba bayan ranar biki. Kwalliya dai ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Saboda haka abin farko shi ne zafi, kuma zafi daga sama yake saukowa. Kwano yana ɗaukar rana ya zubo ta kan mutane. Idan ba a sa sili ba, ko aka sa shi manne da kwanon ba a bar hanyar da iska mai zafi za ta fita ba, duk fankar da aka rataya iskar wuta za ta riƙa juyawa. Tagogi su fuskanci juna don iska ta ratsa. Bangon yamma, wanda rana ke duka daga azahar zuwa la'asar, a yi masa rumfa ko baranda, a dasa bishiyoyi a gabansa tun yanzu, don darbejiya ba ta daɗewa take ba da inuwa. Farar ƙasa a bangon waje ta fi fenti mai duhu mayar da zafi, ga araha.

Wannan ba sabon ilimi ba ne, kuma ba sai an je Turai an koyo shi ba. A ƙauyen Gando na Burkina Faso, Francis Kéré ya gina makarantar firamare a 2001 da tubalin ƙasa, ya ɗaga rufin kwano sama da silin don iska ta riƙa wucewa tsakaninsu. A 2022 shi ne ɗan Afirka na farko da ya karɓi lambar Pritzker, wadda ta fi kowace girma a fannin zanen gine-gine. Kusa da mu ma, a Dandaji, garin Hausawa a jihar Tawa ta Nijar, Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun gyara tsohon masallacin ƙasa na garin suka mai da shi ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci a gefensa, aikin ya kammala a 2018. Ba su rushe ba, ba su lulluɓe da tayil ba, magina na gargajiya suka kira. Mu da muka tashi muna ganin zaure, mun san dalilin da ya sa dattijo ke barin ɗakin siminti da rana ya koma can: bango mai kauri, ƙofa biyu, tabarma, randa a kusurwa. Ɗakin hutun ɗalibai zaure ne na jami'a. Wanda zai tsara shi ya fara zuwa ya yini a zauren kakansa a watan Afrilu.

Sai wuta. A 2016 gwamnati ta sanar da rabon kwamfutoci 500,000 ga ɗaliban manyan makarantu, waɗanda aka fi sani da PB Hev, kuma yau darasi da jadawali da sakamako duk ta waya suke zuwa. Amma ɗalibi yakan zaga gini guda yana neman inda zai sa caji. Mu a arewa wutarmu ta dogara ƙwarai da madatsar Lagdo a kan kogin Binuwai, kuma mun ga abin da ya faru a shekarun da ruwa ya ja baya, har aka kafa tashoshin hasken rana a Gidar da Marwa don a rage giɓin. Kuɗin babban talabijin da kushin, in aka haɗa su, za su yi nisa wajen sayen faifan sola da batir da za su riƙe fankoki da wuraren caji masu yawa a jikin bango. Kujeru kuwa, benci da teburan ƙarfe da katako da masu walda da kafintocin garin nan ke yi sun isa. Ana goge su da tsumma, in sun karye a gyara a nan, kuɗin kuma ya tsaya a gari.

Yanzu ga wurin da ya kamata mu yi magana da hankali, domin ya shafe mu kai tsaye. Ɗalibi Musulmi da ya yini a jami'a, azahar da la'asar za su same shi a can. Yana buƙatar famfo ko tanki da 'yar magudana inda zai yi alwala ba tare da ya jiƙa wa mutane hanya ba, da wuri mai tsabta da zai shimfiɗa darduma. Ɗaliba tana buƙatar fiye da haka: kewaye mai ƙofa da sakata, da wani sashe da za ta cire mayafi ta sha iska ba idon kowa a kanta. Wannan buƙata halal ce, a nemi ta a fili ba tare da jin nauyi ba. Tsarin mulkin 1996 da ya ce ƙasa ba ta bin wani addini, shi ne kuma ya tabbatar wa kowa 'yancin yin addininsa.

Amma mu ma a gaya mana gaskiya. Ɗakin ba namu ba ne mu kaɗai. A cikinsa akwai Bafulatani da Bahaushe, akwai Fali da Gidar da Tupuri da Mundang, akwai wanda ya zo daga kudu bai taɓa jin zafi irin wannan ba, akwai Kirista da zai so ya zauna ya ci abincinsa a watan azumi ba tare da an harare shi ba. Idan 'yan'uwanmu suka shimfiɗa tabarmi a tsakiyar ɗaki suka mai da shi masallaci, gobe wasu za su ce su ma a ba su ranar taron addu'a, jibi hukuma ta kulle ɗakin kowa ya huta. Wurin salla ya zama a gefe, da ƙofarsa. Haka nan muna roƙon kada a mai da ɗakin mashaya ko gidan rawa da sunan neman kuɗin shiga, don ranar da aka shigo da akwatin giya, ranar rabin waɗanda aka yi ɗakin dominsu za su daina shiga, kuma iyaye za su ji labari kafin yamma. Mu Hausawan Garuwa mun san zaman haɗaka, a kasuwa muke yinsa kullum da Fulatanci da Faransanci. Yaranmu su koye shi a wannan ɗaki ya fi su koye shi a wurin rigima.

Ado fa? Ba mu ce a bar bango tsirara ba. Jami'ar Garuwa tana da cibiyar koyar da zane-zane da ƙirƙira. A ba ɗalibanta bangon su yi aiki a kai, a biya su kayan aiki, a sa musu maki in ana so. Zanen bango irin na gidajen Hausa, da aikin ƙwarya da na fata da saƙar da ake yi a yankin nan, sun fi hoton wani tsauni mai ƙanƙara da aka sayo a kanti. Yaron da ya zana bango da hannunsa ba zai bari wani ya yi masa rubutu da biro a kai ba.

Abin da ya fi kashe irin waɗannan ayyuka dai kuɗi ne da mabuɗi. Duk wanda ya karɓi ko dala daga ɗalibai ko daga masu taimako, ya liƙa lissafi a ƙofar ɗakin: abin da ya shigo, abin da aka saya, a wurin wa, nawa. A ware wani kaso tun farko don gyaran famfo da sauya batir, kada a cinye duka ranar buɗewa. A san wanda ke buɗewa da wanda ke rufewa, da ƙarfe nawa, kada ɗakin ya zama fadar shugaban ɗalibai da abokansa. Kwamitin da zai yanke shawara kuma a sa mata a ciki, ba mace ɗaya da za a ba rubuta sunayen mahalarta ba. A tambaye su tun kafin a kira magini, don su ne suka san abin da ke hana su zama.

Ga alhazanmu na babbar kasuwa da masu motocin haya, waɗanda ba sa ƙyashin gina masallaci da haƙa rijiya, Allah ya saka musu: tankin ruwa a inda ɗaruruwan yara ke yini da ƙishi shi ma sadaka ce mai gudana. Ƙungiyoyin iyaye da na tsofaffin ɗalibai su je su ga hukumar jami'a, su tambaya wane ɗaki aka ware, su kai tayin tanki da sili da sola a rubuce. A yi wannan tafiya cikin sanyin Disamba da Janairu, don aikin ya ƙare kafin zafin Maris ya sauka.