Me ya sa wata ke rawa a cikin na'urar hangen nesa?

A wannan mako wata ɗaliba 'yar aji biyu na babbar sakandare ce ta ɗaga mu da tambaya. Ƙungiyarsu ta kimiyya ta tara ɗan kuɗi, suna so su sayi na'urar hangen nesa mai ido biyu, irin wadda ake riƙewa a hannu. Sun taɓa aro ɗaya suka duba wata, amma sai ya yi ta tsalle kamar an ɗaure shi a bayan akuya. Wani ya ce musu akwai mai maɓallin da ke tsayar da hoto cak. Ita za su saya?

Mu fara da rawar. Laifin hannunmu ne. Hannun kowane mai lafiya yana da wata 'yar karkarwa da ba ta tsayawa, wajen sau 8 zuwa 12 a daƙiƙa ɗaya, ga bugun zuciya, ga numfashi. Ba ma lura da ita don ƙanƙanuwa ce. Ku gwada: ku riƙe dogon karan dawa daga gindinsa, ku miƙe hannu, ku kalli ƙarshensa. Hannun kamar a tsaye yake, bakin karan kuwa sai lilo. Haka na'urar take yi. Idan ta ƙara girman abu sau 10, ta ƙara girman karkarwar ma sau 10.

A jikin kowace na'ura akwai lambobi biyu, misali 10x30. Na farko shi ne yawan ƙarin girma: tsuntsun da ke nisan mita 100 zai zama kamar yana mita 10. Na biyu faɗin gilashin gaba ne, milimita 30, kuma shi ke tara haske. Masu sayarwa a kasuwa sun san muna son babbar lamba, sai su nuna mana mai 20 ko fiye. Da hannu kawai, da an wuce 10 rawar kan cinye amfanin ƙarin girman.

To, yaya mai maɓallin take yi? A cikinta akwai ƙananan na'urorin jin motsi, dangin wadda ke cikin wayoyi da yawa, wadda ke gane cewa an karkata wayar. Suna auna motsin sama da ƙasa da na hagu da dama, su aika wa wata 'yar kwamfuta, ita kuma ta motsa wani gilashi a ciki domin ya karkatar da hasken ta ɓangaren da zai soke motsin hannun. Kamfanin Canon na Japan, wanda ya fara fitar da irin waɗannan a shekarun 1990, ya yi amfani da wata dabara da ta burge mu: gilasai biyu da aka haɗa da wata leda mai lanƙwasa, aka cika tsakaninsu da ruwa mai haske. Idan aka ɗan karkata ɗaya, hanyar hasken sai ta canja. Duk wannan yana faruwa da saurin da ido ba ya kamawa. Samfurinsu na 10x30 nauyinsa wajen giram 600 ne, kuma batir biyu ƙanana na AA yake ci. Fujinon da Nikon ma suna yin nasu. Zeiss na Jamus kuwa ya yi mai 20x60 da ba ta buƙatar batir ko kaɗan, sai dai wannan ba ƙarama ba ce.

Ranar da muka fara danna maɓallin, mun yi shiru na ɗan lokaci. Ramukan da ke fuskar wata, waɗanda da can muke ganinsu kamar tabo mai gudu, suka tsaya har muka iya ƙirga su. Da muka juya kan tauraron Mushtari, sai ga ƙananan ɗigo a jere kusa da shi. Su ne watanninsa huɗu da Galileo ya gano a shekarar 1610 da na'urar da ya haɗa da kansa. Girman hoton bai ƙaru ba ko kaɗan. Ido ne kawai ya samu damar tsayawa a kan abu guda. Masu kallon tsuntsaye a dausayin Haɗejiya da Nguru, inda tsuntsaye ke zuwa daga Turai lokacin hunturu, sun fi kowa sanin darajar wannan, musamman idan suna cikin kwale-kwale.

Amma ga amsarmu ga ƙungiyar: kada ku saya, aƙalla ba yanzu ba. Kuɗin guda ɗaya zai sayo muku na'urori na yau da kullum da dama, kuma ƙungiyar mutum 30 da na'ura ɗaya layi ne da gardama. Ga batir, ga ƙurar hunturu, kuma idan ta faɗi ta lalace da wuya a samu mai gyara a kusa. Akwai wani lissafi ma. Ku raba lamba ta biyu da ta farko, za ku samu faɗin hasken da ke isa ido. A 10x30 milimita 3 ne, a 7x50 kuwa ya ɗan haura 7, kuma ƙwayar idon matashi tana buɗewa har kusan milimita 7 cikin duhu. Don kallon dare, 7x50 ko 8x42 ta fi haske, rawarta kuma kaɗan ce.

Sauran rawar kuna iya rage ta kyauta. Ku matse gwiwar hannu a haƙarƙari, ko ku ɗora ta a kan katanga ko taga. Ku jingina da bango. Don kallon sama, ku shimfiɗa tabarma ku kwanta rigingine, na'urar ta huta a ƙashin fuska. Mu mun taɓa ɗaure tamu da kyauron roba a kan sandar tsintsiya, kuma ta yi aiki, ko da yake an yi mana dariya.

Gargaɗi ɗaya da ba wasa a cikinsa: kada ku taɓa duban rana da na'urar hangen nesa, mai maɓalli ko marar maɓalli. Gilashin yana tara hasken ya ƙona bayan ido cikin ƙiftawa, ba lallai a ji zafi ba, kuma lahanin kan zauna har abada. Haɗarin ya fi yawa lokacin neman jinjirin wata, domin kusa da inda rana ta faɗi ake nemansa. Ku jira sai ta ɓace gaba ɗaya kafin ku ɗaga na'urar, kuma kada ku bar ta a hannun ƙanne da rana.

Aikin gida: duk wanda ya samu aron na'ura, ya nemo Kaza da 'Ya'yanta a daren da take sama. Ya ƙirga taurarin da ido, yawanci shida ko bakwai, sannan ya jingina da bango ya sake ƙirgawa da na'urar. Ku aiko mana da lambobin biyu da sunan garinku.