Kafin ka ba AI negatif ɗin kaka, ka tuna da hoton Muzdalifa

Bayan bidiyonmu kan sikana, wani ɗan'uwa ya turo mana hoton kakansa na aikin Hajji. Ya ɗauki tsohon negatif ɗin da waya, ya ba AI ta gyara ta sa kala. Hoto ya yi kyau kam, sai dai mahaifiyarsa na gani ta ce wannan ba babanta ba ne. Ni a ganina, aikin sikanin shi ne ka kwafo abin da ke kan negatif duka, ba ƙari ba ragi. Kwalliya daga baya.

Ga dalilina. A 1889 aka buga wani kundin hotuna a Leiden ta ƙasar Holan, mai suna Bilder aus Mekka, da sunan Snouck Hurgronje. A ciki akwai hoton Muzdalifa, inda alhazai ke kwana bayan saukowa daga Arfa. Wanda ya ɗauka wani likita ne ɗan Makka, Sayyid Abdulgaffar. Yakan sa hannu a jikin hotunansa, amma aka goge wajen bugawa. Sai bayan shekaru da dama masu bincike suka gano shi ta burbushin rubutun da ya rage. To mu ma abin da muke yi ke nan in mun yanke gefen hoto don ya yi tsaf. A gefen nan masu hoto na dā kan rubuta suna ko lamba.

Yadda ya kamata a yi:

Sikanar ofis ba za ta yi ba. Negatif sai haske ya ratsa shi, don haka kana bukatar mai fitila a murfi. Epson V850 na ɗaukar har inci 8 da 10. In babu, ka ɗora shi kan akwatin haske, ka kafa kyamara a sama.

Kada ka sa ruwa ko tsumma a ɓangaren da ba ya sheƙi, nan hoton yake. Hure ƙurar da robar hura iska, ka riƙe shi ta gefe, musamman na gilashi.

Yi lissafi kafin ka danna. Bugun A2 a dpi 300 na son fiksel kusan 5,000 da 7,000. Negatif mai santimita 13 da 18 zai ba ka haka a dpi 1,000, ka sa 1,200 ka huta.

Ajiye shi a TIFF mai bit 16, har da gefunansa. Kada ka tura wa mai buga hoto ta WhatsApp a matsayin hoto, matse shi zai yi. Tura shi a matsayin fayil.

Wani zai ce, ai AI na fito da fuskar da ta dushe. Ba fitowa da ita take yi ba, malam, ƙirƙira take yi daga fuskokin wasu. In kana son kalar, yi a kan kwafi, ka rubuta cewa an gyara. Na asali ka ajiye shi wuri biyu, kuma kada ka yar da negatif ɗin. Jikokinka za su so ganin kakan, ba wani mai kama da shi ba.