Nehemiya ma sai da ya nemi takardu

Duk shekara idan JAMB ta matso, zumuntar matasa kan kira addu'ar dare, iyaye mata su yi azumi, a ɗora wa 'yan aji shida hannu a gaban ikkilisiya. Muna tare da wannan, kada wani ya ce fastoci sun hana addu'a. Amma mun daɗe muna ganin abu guda a Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa: yaro ya ci maki mai kyau, ya ba da shaida ranar Lahadi, sannan shekara ta ƙare yana gida. Sai a ce maƙiya ne, ko don shi Kirista ne. Ba mu ce ba a taɓa nuna wa yaranmu bambanci ba. Sai dai sau da yawa idan muka karɓi takardunsa muka duba, a nan cikas ɗin yake.

Ku buɗe Nehemiya sura 1 da 2. Ya yi kuka, ya yi azumi, ya yi addu'a. Da sarki Artashate ya ba shi dama, sai ya roƙi wasiƙu zuwa ga gwamnonin da zai ratsa ƙasarsu, da wata zuwa ga Asaf mai tsaron kurmin sarki domin katako. Ya riga ya san takardar da za a tambaye shi a kowace ƙofa.

Mu fara da suna, domin nan ne muka fi faɗuwa. Yaronmu a gida Ɗanladi ne, a baftisma Bitrus, a firamare kuma malami ya sa sunan kaka a gurbin na uba. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN, kuma suna da ranar haihuwar da ke kan NIN su JAMB ke ɗauka. In sun saɓa da na WAEC ko NECO, sai ranar tantancewa a jami'a ake ganewa, lokacin da gyara ya koma zarya zuwa Kano da kuɗin motar da ba a tanada ba. A zauna da iyaye tun aji huɗu a tsayar da suna ɗaya, jeri ɗaya, rubutu ɗaya. Layin wayar da za a yi rajista da shi kuma ya zama na yaron, ba na mai shagon kwamfuta ko na yayan da zai tafi ci-rani ba.

Sai darussa. Yaranmu na ganin ɗaliban Makarantar Horon Lauyoyi ta Bagauda cikin baƙi da fari, su ce su ma lauyoyi za su zama. Madalla. Amma ba a shiga can sai da digirin shari'a, kuma jami'a za ta nemi kiredit a Adabin Turanci, darasin da wani bai taɓa zama ajinsa ba. Kiredit biyar ake nema, ciki har da Turanci, kuma dole su dace da kwas ɗin. Bayan jarrabawa ma da saura: a ɗora sakamakon WAEC ko NECO a shafin CAPS na JAMB, in gurbi ya fito a shiga a karɓa, don ba ya jiran kowa.

Laifin nan namu ne, 'yan'uwa, ba na yaran kaɗai ba. Iyaye da yawa manoma ne da ba su taɓa cike fom ba, alhali waɗanda suka gama Bayero, Ahmadu Bello da Wudil suna zaune a mawaƙanmu. Me zai hana kowannensu ya ɗauki yara biyu ya bi takardunsu har su shiga makaranta?

Saboda haka a addu'ar dare ta bana, kowane ɗan aji shida ya zo da Littafi Mai Tsarki, ya haɗo da takardar NIN, ta haihuwa, ta ƙaramar hukuma da jerin darussansa. Za mu ajiye tebur da fitila a bayan majami'a, a duba su kafin a fara waƙa.